Shanun da Na'ura Ba Ta Gani Ba

Mutum huɗu suka taru a kan saniya ɗaya. Biyu sun zura sanda ƙarƙashin cikinta, ɗaya ya kama ƙaho, Husaini kuma ya naɗe wutsiyar a hannu. Suka yi bismillah suka ɗaga. Ta tsaya tana karkarwa, ta dubi ƙonannen dajin Ollelewa, sannan ta sake zubewa rim.

"Ku ƙyale ta," in ji Kawu Attahir, mai garken. Ya juyo wajen ɗan ƙanwarsa. "Husaini, kai ke riƙe da makullin mangazar dusa. Yaushe motarku za ta zo?"

Husaini ya sunkuyar da kai. Shekara uku ke nan yana tsaron mangazar, wato ɗakin ajiyar kaya na wani kamfanin abincin dabbobi, kuma kowace bazara kamyo biyu, manyan motocin kaya, ke sauke masa dusa da angurya. Bana ko buhu ɗaya bai gani ba. Ɓeraye ma sun kwashe nasu ya nasu sun bar wurin.

Abin da ke cin ransa shi ne ya san dalili. Da kaka kamfani ya aiko masa da wata faffaɗar waya, aka ce ya zaga rugage ya shigar da yawan dabbobin kowa. Wai wata ordinater, wato kwamfuta, a Damagaram za ta tattara komai, ta faɗa wa manya inda ya dace a kai kaya. Kayya! Wa ya taɓa jin makiyayi ya faɗi adadin shanunsa? Ko matarsa ba ta sani ba. Ana tsoron baki, ana tsoron ido, ga kuma tsohon tsoron masu jangali. Kawu Attahir, shanu sun fi hamsin suna tuƙa a bayansa, ya dubi Husaini ko ƙiftawa babu, ya ce, "Bakwai ne, da su muke lallaɓawa." Mai raƙuma talatin ya ce huɗu. Mai tumaki ɗari ya ce 'yan kaɗan ne na yara.

Shi kuwa Husaini, zai buɗe baki ya ƙaryata mutumin da ya rene shi, ya yi masa aure? Ya danna bakwai, suka sha shayi, aka rabu lafiya.

* * *

A biron kamfanin da ke Tanout, Madam Rahinatu, shugabar reshe, ta juyo wa Husaini da fuskar ordinater. Taswirar yankin Damargu ce, an shafe ta da launuka.

"Ka ga ja? Nan ne dabbobi suka yi yawa, can motoci suka tafi. Ku kuwa ga ku nan, fari fat. Shanu ɗari biyu da 'yan kai a duk yankinka. Na'ura ta ce mota ba ta ci zuwa ba."

"Madam, wallahi sun fi dubu biyu. Mutuwa suke yi. Da idona na gani, da hannuna na ɗaga."

"To wa ya shigar da lissafin?"

Fanka na juyawa, amma gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Ni ne."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ba muguwar mace ba ce, ita ma a ruga kakanta ya mutu. "Malam Husaini, da a da ne, sai in ɗaga waya in ce a ba ni mota. Yanzu direkta ba ya jin muryar kowa, abin da allo ya nuna shi yake sa wa hannu. Koma ka ƙirga na gaskiya. Sai dai na'urar ba ta sake lissafi sai wata ya mutu."

"Su ma shanun za su jira watan?"

Ta mayar da tabarau, ta juyar da fuskar ordinater wajenta.

* * *

Ya koma ya aikata abin da ba a yi. Kwana tara yana raɓewa bayan kalgo a bakin rijiyoyi, yana ƙirga dukiyar mutane kamar ɓarawo. A rana ta goma Kawu Attahir ya kama shi yatsa a miƙe.

"Ashe kai ne? Shi ya sa suke zubewa ɗaya bayan ɗaya!"

"Kawu, don a kawo dusa ne..."

"Rufe mini baki. Na rene ka don ka nuna mini dabbobi da yatsa?"

Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Husaini ya shiga mangaza ya turo ƙofa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar uwarsa. Ya aika da lissafin duk da haka.

Mako shida aka yi kafin taswira ta yi ja. Kamyo uku suka shigo gari suna busa oda, mangaza ta cika har rufi. Amma mahauta sun riga su. Wanda ya yanka ya yanka, wanda ya kora sauran kudu ya kora, ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Husaini ya buɗe ƙofa ya zauna, kwana ashirin, buhu goma sha ɗaya suka fita.

Sai saƙo ya shigo wayar: bincike ya nuna babu ciniki a Ollelewa, an rufe mangazar, za a kwashe kaya ranar Talata.

Ranar Talata da hantsi ana cikin lodi, sai ga Kawu Attahir ya taho da amalanken jaki, an jibga busassun fatu har sun fi shi tsayi. Bai dubi Husaini ba. Direba ya nufa, ya tambaya a hankali ko akwai wurin da zai sa kayansa zuwa kasuwar Tanout.

Direban ya ce akwai, daga sama.

Husaini ne ya hau ya karɓa. Tsohon na miƙo masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana shimfiɗa su a kan buhunan dusa. Ya san kowace fata, ya san sunan saniyar da aka feɗe ta a jikinta.