Kwalba Ta Sha Bakwai

Desmond Harwick ya ɗauko kwalba ta sha bakwai daga cikin ƙanƙara, yatsansa ya shafi marfin, sai ya tsaya cak. Gefe ɗaya a lotse yake. Na'urar rufe kwalbarsa ce kaɗai a duk kwarin Derwent ke lotsa marfi haka.

Bai kamata ya kasance a wannan tebur ba. Dokar gasar masu dafa giya a gida ita ce, a ɓamɓare sunaye a sa lamba, kuma mai zuba wa alƙalai ba ya zuba rukunin da ya shiga. Amma mai teburin baƙar giya, rukunin da shi ma ya sa tasa, bai zo ba, aka turo shi a gurguje, ba wanda ya duba takarda. A waje bikin gasar ya kankama, ana kiɗa, ana layi a rumfuna cikin yayyafi.

"Des, barci kake?" in ji Lindsay, amininsa na shekara talatin, ɗaya daga cikin alƙalan biyu. "Kawo mana, tsoho, kafin mu mutu da ƙishi."

Ya buɗe, ya zuba a hankali. Kumfar ta tashi da kyau, launin ya yi baƙi wuluk. Iyakar abin da zai iya tantancewa ke nan. Tun da aka yi masa gashi da na'urar asibiti a maƙogwaro bara saboda cutar daji, hancinsa da harshensa suka daina aiki. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ci gaba da dafawa a garejinsa da ma'auni da agogo, duk Lahadi Lindsay ya zo ya sha ya ce ta yi. Yau yake son ji daga bakin da bai san shi ba, ko har yanzu shi mai dafa giya ne.

Marlene Tuohy, ɗaya alƙaliyar, ta kai kofin hancinta, ta janye kai da sauri.

"Kai! Wannan ai ruwan tsami ne. Har da warin bandeji." Ta ɗan kurɓa, ta yamutsa fuska. "Ƙwayar cuta ta shiga tukunyarsa, kuma ta daɗe. Wanda ya turo wannan, ko dai bai ɗanɗana ba, ko hancinsa ya mutu."

Lindsay ya kurɓa. Bai yamutsa fuska ba. Ya haɗiye, ya ajiye kofin a hankali, ya ƙura wa tebur ido. Kunnuwansa suka yi ja.

"To, launin dai ba laifi," ya ce.

"Launi za mu sha? Lindsay, kai da ka kori giya ɗazu saboda kumfa kawai?"

"Wataƙila kwalbar ce ɗaya ta lalace."

"Akwai ta biyu. Des, ɗauko mana."

"Bar ta," in ji Lindsay da sauri. "Bar ta kawai. Haka za ta kasance."

Desmond ya dube shi. Mutumin da ya sha abu karon farko ba ya sanin yadda na biyu zai kasance.

Marlene ta rubuta makinta, ta ƙara shawara a ƙasa cikin kyakkyawan rubutu: a zubar da robobin haɗa giyar, a sayi sababbi, a nemi wani ya riƙa ɗanɗanawa. Ta tashi ta tafi kurkure baki.

"Tun yaushe?" in ji Desmond, murya ƙasa-ƙasa.

Lindsay ya murza alƙalaminsa. "Tun ta farko da ka dafa bayan ka dawo daga asibiti."

"Wata goma sha ɗaya kana shan wannan?"

"Ka rame, Des. Ba ka fita, ba ka magana. Gareji ne kaɗai ke tashinka daga gado. Me zan ce maka?"

"Na ba maƙwabta. Na kai wa surukina katan guda."

"Na sani."

"Su ma sun ji, suka ɓoye min?"

Lindsay ya jawo takardar makinsa gabansa.

"Rubuta abin da ka ji," Desmond ya ce. "Kada ka ƙara min ko ɗaya."

Ya tsaya har Lindsay ya rubuta, maki ɗaya ƙasa da na Marlene. Ya karɓi takardun biyu, ya kai akwatin sakamako ya jefa. Sannan ya kwance rigar aikin, ya ninke ta a kan kujera, ya gaya wa mai kula da gasar a nemi wani ya zuba ta sha takwas.