Ranar da Fulera Ta Kai Ɗan Fari Awo

Fulera ta tsallake rafin Fammar da takalmanta a hannu, ɗanta a baya, tana sauri kada motar asibiti ta bar Kibiya. Damina ce ta farko bayan samun mulkin kai, lokacin da hukumar En'e ta fara aiko malamar jinya sau ɗaya a wata, tana auna jarirai tana raba madarar gari.

Yaron ɗan farinta ne. Bisa al'ada ba ta kiran sunansa, ba ta kuma goya shi a idon jama'a. Iya, surukarta, ke yin wannan. Amma kurkunu ya kwantar da Iya, shi kuwa yaron tun da aka yaye shi ƙafafunsa ke kumbura, gashinsa ya yi ja. Fulera ta ga 'yar maƙwabciyarta da ta yi irin wannan ciwo aka kai ta wurin malamar jinyar, ga ta yanzu tana bin kaji da gudu. Abin da ke ba ta ƙarfin tafiya ke nan.

Ta iske motar a gindin durumi, mata sun yi layi ana ta hayaniya.

"Ku zo ku ga Fulera da goyo," in ji Jumai, ƙawarta. "Ina kika ajiye kunyar, ƙawa?"

"Na bar wa Iya ta riƙe mini."

Mata suka fashe da dariya, suka tura ta gaba.

Malama Barira, malamar jinyar, ta ɗora yaron a sikeli, ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa.

"Kin zo a kan kari. Me yake ci?"

"Koko, Malama."

"Koko zalla? Ga madara, ki haɗa masa da kunun gyaɗa da wake. Wata mai zuwa ki dawo da shi da kanki, in sha Allahu za ki ga bambanci. Yaya sunansa?"

Fulera ta sunkuyar da kai. Jumai ta buɗe baki za ta amsa mata, Malama ta ɗaga hannu.

"Uwar nake tambaya. Ita za ta riƙa lallashinsa ya ci."

Fulera ta gyara mayafinta.

"Mika'ilu," ta ce a hankali.

Yaron ya juyo daga kan sikeli, ya dubi Jumai, ya dubi Malama, yana neman wadda ta kira shi.