Taliyar da Na Kakkarya

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san inda ya samo asali. Da la'asar ina tsugune a bayan tagar ɗakin Yaya Mansir ina kankare tukunya, sai na ji matarsa, Anti Noraida, ta ce masa a hankali, "Ta kakkarya ta, Mansir. Duka." Da Turanci ta faɗa, amma Turancina na sakandare ya isa in gane. Ba faɗa take yi ba. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi.

Anti 'yar ƙasar Filifin ce, nas ce, a Jidda suka haɗu da Yaya. Mahaifiyarta ce ta aiko mata da leda biyu na taliyar garinsu, ta shinkafa, fara, siririya kamar zaren tela, an rubuta bihon a jiki. Jiya tsohuwar ta cika shekara saba'in, kuma tana kwance ba lafiya. A wajensu, ranar haihuwar mutum ana dafa taliyar nan da tsawonta, fatan tsawon rai ne. Ni duk a bayan tagar nan na ji wannan, bayan aikin gama ya gama.

Tun da Anti ta samu juna biyu ba ta iya shiga kicin, shi ya sa ta miƙo mini leda ɗaya ta ce, "Ramlatu, kin iya?" Na ce na iya. A gidanmu ni ake yabo da girki, sai na ji nauyin in ce ban taɓa ko ganinta ba. Taliyar ta ƙi shiga tukunya, na kakkarya ta yadda muke yi wa tamu, na bar ta tana tafasa har ta cure kamar tuwon da bai tuƙu ba. Anti ta ci cokali uku ta ce ta gode. Saura leda ɗaya a saman kabad.

To a mafarkin, sai ga ni a layin wani ofishi da tukunyar a kaina. Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tashi, mutane sun kifar da lemarsu sun tsaya a ciki. Zanena ya jiƙe, ɗankwalina a bushe.

A saman ƙofa an rubuta Ofishin Abubuwa Masu Tsawo. Mutumin da ke gabana igiyar rijiya ya kawo. Matar da ke bayana ta naɗo wani labari da take bayarwa tun bara, ta rataya shi a kafaɗa. A garin ba a cewa ina kwana. In ka haɗu da mutum sai ka ce, "Ka iya?" shi kuma ya ce, "Na iya," kowa ya wuce.

Akuya ce a kan tebur, da tabarau, da biro a bayan kunne.

"Suna?"

"Ramlatu."

"Gajere ne. Na uba fa?"

"Ramlatu Sama'ila."

"Ya ɗan fi."

Ta ba ni fom na cike, ta karɓa ta cinye, ta ce an shigar. Sannan ta buɗe tukunyar ta ɗauko tef na awo. Ta zaro wani guntu kamar ɗan yatsana ta auna.

"Wannan kwana huɗu." Ta zaro wani. "Wannan yini da rabi. Wannan kuma daga azahar zuwa la'asar ne, in an yi sauri." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Kwanakin wace ce?"

Na yi ƙasa da murya na ce, "Na wata tsohuwa ce."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Ai ba sai na ɗaga ba. Duk layin ya riga ya juyo yana kallona, har labarin da ke kafaɗar matar nan ya yi shiru.

"Kina da tambaya?" in ji akuyar.

Ina da ita. Tana nan a maƙogwarona tun jiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na iya."

"Haka kowa yake cewa," in ji ta. Ta buga mini hatimi a goshi ta ce in je a ɗinke.

Sai ga ni a shagon Malam Ɗanjuma, telan da yake mana ɗinkin Salla. Shi yana kwance a ƙasa, keken ɗinkin ne yake taka shi. Ya leƙa tukunyar daga inda yake.

"Za ta ɗinku, amma sai bayan Salla."

"Wace Sallar, Malam?"

"Wadda ta wuce."

A kan bencin masu jira Ummanmu ce zaune, da mata sun kai goma, kowace da yadinta a cinya. Umma tana ba su labarina. "Ramlatu ai ba ta tambaya. Tun tana 'yar shekara tara. Hannunta ne yake sani." Na duba, ashe hannuwana ba sa jikina. Suna can kan tebur a tsakanin almakashi da alli, sun durƙusa suna gaida matan ɗaya bayan ɗaya, ana sa musu albarka.

Na ce, "Umma, ki daina."

"Kun gani ko? Ga kunya kuma."

Wata a cikinsu ta ce a zubo musu su ɗanɗana. Na rungume tukunyar da gwiwar hannu na ce ba ta nuna ba. Tukunyar ta yi tari.

Daga nan sai kicin ɗinmu. Komai yana inda yake, risho, turmi, kwandon albasa, bangon baya ne kawai babu. Teku ne a wurin. Ni ban taɓa ganin teku ba, shi ya sa wannan ya yi kama da ruwan wankin shinkafa. A ɗaya gefen, kusa kamar katangar maƙwabta, ga wata 'yar tsohuwa a kan gadon asibiti, an rufa mata bargo zuwa ƙirji. Ba wanda ya gaya mini ko wace ce.

Anti Noraida tana tsaye a bakin ruwan ta wajenmu, tana zura mata taliya. Tsohuwar tana ja da hannu bibbiyu kamar mai jan guga. In ta ja sai guntu ya zo. Ta ajiye a kan bargo, ta gyara shi ya miƙe, ta sake ja. Wani guntun. Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi komai ba, jerawa kawai take yi, tana haɗa bakin wannan da na wancan ko za su kama.

Can ta hango ni. Da Hausa ta yi magana, ban kuma yi mamaki ba.

"'Yan mata, ke ce mai girkin?"

Na ɗauki murfin tukunya na kare fuskata. Murfin ya fara ƙanƙancewa, ya koma kamar faranti, ya koma kamar murfin kwalba, ina nan riƙe da shi a kan hancina.

"Ta yi daɗi," in ji ta. "Gishiri daidai."

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma a garin nan ƙasa ruwa take fitarwa, ba ta karɓar mutum.

Anti ta zauna a kan turmi da kwano a cinya. Ta ci cokali uku ta ce, "Na gode, ƙanwata." Kwanon ya sake cika. Ta ci uku ta sake godewa. Duk godiya ɗaya sai gadon tsohuwar ya ƙara nisa, har ta zama kamar ƙwayar gero a kan ruwa, amma ina ganin hannunta yana ja.

Na ce, "Anti, ki bari, kar ki ci."

"Ai kin sha wahala," in ji ta, ta kai cokali baki.

Sai akuyar ta shigo ba sallama, da leda ta biyu a bakinta. Ta ajiye a gabana ta ce ofis zai tashi, a yi a gama. Tukunyar da ke kan risho yanzu ba ta fi kofin shayi ba. Umma da matan shagon tela sun cika ƙofa. Hannuwana suka dawo da gudu suka hau jikina, suka farke ledar, suka kama taliyar ta gefe da gefe suka fara lanƙwasawa.

Na ce musu, "Ku tsaya."

Suka ce, "Mun iya."

"Don Allah ku tsaya, ita ke nan ta rage."

Na ji ƙas. Na sake jin ƙas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Yaya Mansir ne a tsakar gida yake yanke farce.

Ko ɗankwali ban ɗaura ba na shiga kicin. Ledar tana saman kabad, ba abin da ya same ta. Na daɗe tsaye ina kallonta. Na ce a raina in bari sai an jima, ko sai Yaya ya fita, ko in duba a waya ba wanda ya sani. Sai na sauko da ita, na ɗauki tukunyar jiya, na fito.

Anti tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsotsar lemun tsami, idonta ya ɗan kumbura. Na durƙusa.

"Ina kwana, Anti."

"Lafiya lau, ƙanwata."

"Ya jikin Mama?"

Ta dube ni, don ban taɓa tambayarta ba. "Da sauƙi. Ta sha romo kaɗan."

Yaya bai ɗago daga ƙafarsa ba ya ce, "Shugabar masu girki, yau kuma me za a dama mana?"

Anti ta jefe shi da ɓawon lemu. Na ji kamar in tashi in koma. Na ajiye tukunyar a gabanta, na ɗora ledar a kai, ta zarce bakin tukunyar ta kowane gefe.

Na ce, "Anti, in ba a karya ta ba, ta yaya take shiga?"