Albasar Magaji

Magaji yana tsaye a rana yana kallon Labbo direba na kwance batir na biyu daga cikin motar. Buhu arba'in na albasarsa suna baya, ƙarƙashin tamfol. Tun hantsi ya kamata su isa kasuwar Jega daga Aliero, amma Labbo ya ratse Katanga don ya gaida surukarsa, Tasalla. Ita kuwa ta nuna masa ƙofar gidanta ta ƙarfe da ta ɓalle. Labbo ba ya iya ce mata a'a, ko ido ba ya haɗawa da ita.

"Minti biyar, Alhaji," in ji shi. "Kak ka damu."

"Albasa ba ta san minti biyar ba. Rana ta sani."

Labbo ya jera batiran a ƙasa, ya haɗa su da waya. Ya maƙala bakin waya ɗaya a jikin ƙofar, ɗayan ya kama sandar walda da shi. Ya sa baƙin tabarau, ya ɗosana. Wuta ta yi tartsatsi, sandar ta manne, ya fizge, ya sake. Ƙarfen ya narke guda-guda kamar kashin kaza. Batiran suka ɗau zafi, suka fara fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Magaji ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya tofar da yawu.

Sai bayan azahar ƙofar ta tsaya, a karkace. Labbo ya mayar da batiran, ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru.

"Mi ya faru?"

"Sun sha wuta. Sai turi."

Tayoyin na cikin rairayi, turi kuwa ba ya yiwuwa da kaya. Suka fara sauke buhunan. Magaji ya zura hannu a na can ƙasa, ya ji ɗumi da danshi. Ya fito da albasa guda, ya matsa, yatsansa ya nutse. Ya goge a jikin taya.

Tasalla ta fito, ta buɗe ƙofar ta rufe, ta sa wa Labbo albarka. Ta dubi buhunan da ke zube a ƙasa, ta koma ciki. Jim kaɗan ta dawo riƙe da kaskon suya na ƙarfe mai tsagewa.

"Tunda ba yanzu za ku tahi ba," ta ce.

Labbo ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.