Shafin Malam Ishaya

Yatsan Habila ya fi minti goma a kan maɓallin gogewa, ya kasa dannawa.

Shafi ɗaya ne tal, a farkon manhajar rabon taki da ya shekara biyu yana ginawa a shagon kwamfutar Alhaji Maccido da ke Sama Road. Tushenta ba nasa ba ne. Malam Ishaya, wanda ya koya masa aikin bayan ya bar makaranta a aji uku, shi ya ba shi a faifai kafin ya rasu, da sharaɗin da ke shafin: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka so, amma duk wanda ka ba, ka ba shi a buɗe, har da rubutun cikinta.

"Hidda wagga takarda, ka sa ma manhajar kwaɗo," in ji Alhaji tun da safe. "Ohishin gwamnan soja za mu kai ta. In ta lalace, dole wurinmu za su zo gyara. In ba ka iyawa, aje min makullin shago."

Ɗakin da Habila ke zaune a Unguwar Rogo ma na Alhaji ne, ga matar Habila, Laraba, da cikin wata takwas. Ga kuma abin da bai faɗa wa kowa ba: da zarar sunayen manoma sun haura dubu, sai manhajar ta riƙa zubar da na ƙarshe. Ƙauye guda na iya rasa taki, soja kuwa ba sa tambaya sau biyu.

Sallamar Saudatu ce ta sa ya janye hannu. Mai buga takardu ce a ma'aikatar gona. Ɗabi'ar Habila ce, duk kwamfutar da aka kawo gyara sai ya zuba mata manhajar kyauta, kamar mai tsire da ke ƙara yanka ɗaya. Haka ta isa teburinta.

"Injiniya ba digiri! Manhajarka na cin mutane," ta ce tana dariya. "Ƙauyen kakata kaf ta haɗiye. Kwana huɗu na yi ina bin rubutun layi-layi kafin in gano ramin."

"Kin gano?" in ji Habila.

"Har na cike shi. Ga shi, a buɗe, yadda shafinka ya ce."

Ta ajiye faifai ta fice. Ya zura shi, ya zuba sunaye dubu da ɗari huɗu. Duka suka fito, ba wanda ya ɓata. Ya koma shafin farko. Ƙarƙashin sunan Malam Ishaya da nasa, ta ƙara nata.

A waje motar Alhaji ta yi oda.

"Habila! Ka ƙare?"

Ya zare faifan Saudatu ya sa a ambulan, shafin na nan yadda yake. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin shago, ya fita riƙe da su biyun, ɗaya a kowane hannu.