Askin Karuppiah

Ruwan zafin ya fara hucewa a kwano, har yanzu ba a sami mai ɗaukar askar ba. Gawar Karuppiah wanzami na kwance kan benci a tsakiyar shagonsa, an ɗaure masa manyan yatsun ƙafa da farin ƙyalle. Tun da aka san layin nan na garin Taiping, duk namijin da ya mutu, shi ke yi masa askin ƙarshe kafin a kai shi wurin ƙona gawa. Yau ga shi da furfurar jinya a haɓa. An aika wurin samarin sabon shagon bakin kasuwa, suka ce injinsu na masu rai ne.

Sinniah, maƙwabcin mamacin, na zaune a bakin ƙofa, ƙarƙashin allon da aka rubuta Salun. Bai iya karatu ba, amma ya san labarin allon. A ƙofar falon Turawa Karuppiah ya ga kalmar, cikin jirgin ruwan da ya kawo shi daga Madras. Aka kore shi daga wurin, ya rantse sai ya yi nasa Salun ɗin.

Sinniah kuwa ai ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne ya dawo da ƙafarsa daga aikin shimfiɗa layin dogo na ƙasar Siyam lokacin mamayar Japanawa, ya binne maza bila adadin, hannunsa bai taɓa rawa ba. Duk ranar aski sai ya maimaita wannan a kan kujerar can, Karuppiah ya ce, "Rufe baki, jarumi, kada in ƙarasa maƙogwaron da Japanawa suka bari."

Letchumi, matar mamacin, ta zo ta tsaya a kansa.

"Yaya, motar gawa na hanya. Haka zai tafi, kamar marar kowa?"

Ya ce mata su a gidansu ba a gaji aska ba, kakansa ko inuwar wanzami ba ya takawa. Ta ɗora askar a kan gwiwarsa, ta koma cikin mata.

Ya daɗe yana kallon askar kafin ya miƙe. Ya kaɗa sabulu yadda ya sha gani a madubi, ya shafa wa Karuppiah a fuska. Kumatun sun yi sanyi kamar tulu. Bai ji komai a ransa ba.

"Kai ma rufe naka bakin," ya ce wa gawar a hankali. "Yau ni ne da askar."

Ya gama gefen dama, ya gama na hagu. A ƙarƙashin haɓa askar ta zame, ta ɗan tsaga fata. Sinniah ya tsaya yana jira. Jini bai fito ba.

A waje motar ta yi oda. Ya laluba kan kanta ya ɗauko guntun alif ɗin tsayar da jini da ya siɗe da amfani, ya tsoma a ruwan da ya huce, ya goga a kan tsagar.