Gurbi a Fatakwal

Shekara tara Mudassiru ya yi yana lodin kaya a filin jirgin saman Kano. Ya shiga aikin yana ɗan ashirin da biyar, lokacin da yake ɗaga akwati mai kilo talatin da hannu ɗaya. Yanzu in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe, kunnensa na hagu kuma ya yi nauyi saboda ƙarar injin.

Burinsa ya zama disfaca, wato wanda ke zaune a ofis yana tsara tafiyar jirgi: ya duba yanayin sama, ya zaɓi hanya, ya lissafa man da za a zuba, sannan shi da matuƙi su sa hannu kafin a tashi. Don haka ya tafi kwas a Zariya. Kafin ya tafi ya saki ɗakin hayarsu na Kurna, ya mayar da matarsa Rauda da yaransu biyu gidan mahaifinsa a wani ƙauye kusa da Bunkure. Ya ce mata wata uku ne kawai.

Darasin yanayi ya kayar da shi a zaman farko, sai a na biyu ya ci. Ya yi horon gwaji, lasisi ya fito. Kamfanin jirgin da yake wa aiki ya ce babu gurbi tukuna, ya ci gaba da lodi. Yana kwana a ɗakin wani abokin aiki, yana zuwa gida ranar hutu. Wata ukun Rauda suka zama goma sha shida.

Wata Laraba cikin watan Maris ya iso gida da hantsi, ba abin da yake so sai tabarma. Ya tarar mahaifinsa, Malam Iliyasu, yana gona ana tsinkar tumatir, mutum biyu cikin masu ɗauka ba su zo ba, ga motar kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan za ta iso da azahar. Ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya bi bakin kanal ɗin ruwan noman rani zuwa gonar.

Kwando na sha ɗaya yake ɗauke da shi wayarsa ta yi ƙara. Ya sauke a kan hanya, ya goge hannu a riga. Malam Sammani ne, shugaban sashensu.

"Mudassiru, gurbi ya samu. Sunanka na bayar, an kuma amince."

"Alhamdu lillahi. Na gode, yallaɓai. A nan Kano?"

"Fatakwal. Litinin za ka kama aiki."

Mudassiru ya kalli ruwan da ke tafiya a kanal.

"In na jira na Kano fa, yallaɓai?"

"Mutum biyu ne a ofishin Kano, duka sun girme ka da kaɗan ne. Jiran zai yi tsawo. Akwai wani a bayanka, in ba ka so ka gaya mini kafin la'asar."

Ya zauna a kan simintin kanal, ya zura ƙafafu cikin ruwa. Shekara biyu yana tunanin wannan kiran, yana zaton ranar da ya zo zai yi sujada a inda yake tsaye. Ya nemi murnar a ransa bai same ta ba. Abin da ya ji kawai shi ne nisan hanya, da neman ɗaki a garin da bai san kowa ba, da maganar da zai yi wa Rauda.

Malam Iliyasu ya ƙaraso a hankali, malfa a kansa, ya ga kwando a ƙasa.

"Lafiya ka zauna?"

Ya gaya masa. Tsohon ya tsuguna, ya juya wani tumatir da ya fashe, ya cire shi daga kwandon.

"Can ɗin ma ɗaukar kaya ne?"

"A'a, Baba. A ofis ne. Jirgi ba zai tashi ba sai na sa hannu."

"To ka tafi. Na ga yadda kake tafiya da kwandon nan, ka fi ni dogarawa. Gona kuwa daga baɗi zan ba ƙaninka Fatihu rabi, dama na gaji." Ya miƙe. "Amma ba ni ne abin ji ba. Ka je ka samu yarinyar nan. Ta yi haƙuri da mu."

Sai da suka gama loda motar ya koma gida. Rauda na tsakar gida tana yanka tumatir ɗin da aka ware, tana jerawa a kan buhu don ya bushe. Ta saurare shi har ya gama, wuƙar ba ta tsaya ba.

"Wata nawa za ka ce mini wannan karon, Abban Salim?"

"Ba zan ce ba. Ban sani ba."

"Gara haka." Ta ajiye wuƙar. "Kayan ɗakina suna cikin kwali tun da muka zo, ban kwance ba, kullum ina cewa gobe za mu koma. Salim ya shiga makaranta a nan ya saba. Ni zan kwance kayana. A gyara mini ɗakin nan na kudu, a sa ƙofa mai kyau. Ranar da ka samu wurin da zai ɗauke mu, ka zo mu yi magana."

"Kina so in ƙi?"

"Ka ƙi ka koma ɗaukar akwati? To wahalar da muka sha ta mece ce?" Ta ɗauki wani tumatir. "Ba fushi nake ba. Gajiya ce."

Kafin la'asar ya kira Malam Sammani ya ce ya karɓa. Alhamis da Juma'a ya yi su tare da kafinta suna kafa ƙofa, shi da Rauda suka fito da kwanuka daga kwali suka jera. Asabar da safe Fatihu ya kai shi Garun Malam a babur, ya hau motar Kano, daga can kamfanin ya sa shi a jirginsu.

Aikin ya karɓe shi. Ofis ne ƙarami mai sanyi, da kwamfutoci huɗu da waya da ba ta hutawa. A mako na uku ya dakatar da jirgin Abuja minti arba'in saboda hadari, matuƙin ya duba takardar ya sa hannu bai yi musu ba. Mudassiru ya so ya ba wani labari, amma a ofishin wannan ba labari ba ne.

Sai bayan wata bakwai ya samu ɗaki da falo. Ya kira Rauda ya gaya mata. Ta tambaye shi ko akwai ruwa a gidan, ko makaranta na kusa, ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce to, a bari yara su gama zangon karatu, ita ma ta cire albasar da ta shuka a gefen gonar Baba. Ya ce babu damuwa. Ya kashe wayar, ya jawo takardar jirgin ƙarfe biyu.